A Hango Ramukan Dutsen Kakanninmu Daga Sama Kafin Katafila Ta Shafe Su

Jama'a masu karatu, musamman 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Anaca da Fatakwal, maganarmu ta yau a kan dutse take, da ramukan da mutanen dauri suka haƙa don su samo shi, da kuma yadda ake gano waɗannan ramuka daga sama bayan ƙasa ta binne su, an yi shekaru aru-aru ana noma a kansu. Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan mai neman abincin yau da ramin da aka haƙa shekaru dubu uku da suka wuce? To, a yi mana haƙuri a bi mu zuwa ƙarshe, domin kuɗin da kuke aikawa gida suna da hannu a cikin wannan magana, ko kun sani ko ba ku sani ba.

Duk wanda ya san ƙasar Barno ya san cewa in ka tashi daga Yarwa ka yi arewa ko gabas, sai ka yi tafiyar yini da yini ba ka yi tuntuɓe da dutse ba. Wani wuri rairayi ne, wani wuri kuma baƙar laka ce wadda Barebari ke kira firki, inda ake dashen masakwa bayan ruwa ya janye. Dalili kuwa shi ne, wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tsohon gindin Tafkin Cadi ce. Kimanin shekaru dubu bakwai da suka wuce tafkin ya cika ya batse har gaɓarsa ta iso inda Maiduguri take a yau, kuma dogon tudun rairayin da ya ratsa ta Maiduguri da Konduga da Bama shi ne alamar wannan tsohuwar gaɓa. Ruwa ya shimfiɗa laka da yashi bisa komai, dutse ya nutse can ƙasa inda hannu ba ya kaiwa. Shi ya sa ko sarakunan Barno, da duk ƙarfin mulkinsu, da gasasshen jan tubali suka gina fadojinsu na Birnin Gazargamu da Gambaru.

Amma fa abin mamaki, ka tona kufan mutanen dauri a wannan ƙasa da ba ta da dutse, sai ka tarar da dutse. A 1965 da 1966 wani Bature masanin tonon kufai, Graham Connah, wanda ke aiki da Jami'ar Badun a lokacin, ya tona wani babban tudu a Daima, can wajen Ngala. Tudun ba halitta ba ne, tarin zaman mutane ne, gida bisa gida, mai zurfin fiye da mita 10, an zauna a kansa tun ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, har bayan shekara ta 1000 Miladiyya. A cikinsa aka sami duwatsun niƙa da gatura na dutse, aka kuma sami kayan aiki masu yawa na ƙashi, shaidar cewa dutse ya yi wa mutanen tsada har suka nemi abin da zai maye gurbinsa. Daga baya, a shekarun 1990, malaman Jami'ar Frankfurt ta Jamus ƙarƙashin Farfesa Peter Breunig suka haɗa gwiwa da na Jami'ar Maiduguri, suka tona kufai a Gajiganna, arewa da Maiduguri. Nan suka tarar da zaman makiyaya masu shanu da awaki, waɗanda daga baya suka kama noman gero, tun wajen shekara ta 1800 kafin Miladiyya. Su ma suna da duwatsun niƙa, da kawunan kibiya na dutse, da irin gogaggen gatarin nan da mu Hausawa ke kira gatarin aradu, muna zaton daga sama yake faɗowa. Ashe hannun mutum ne ya sassaƙa shi.

Da masana duwatsu suka auna waɗannan kaya, sai suka gane inda da yawansu suka fito. Wasu daga duwatsun Mandara ne, waɗanda Gwoza ke gindinsu, kilomita ɗari da 'yan kai kudu maso gabas da Maiduguri. Wasu kuma daga Hajar el-Hamis, wasu tsaunuka da ke kusa da bakin tafki a cikin ƙasar Cadi ta yau.

Mai karatu ya tsaya ya yi tunani a kan abin da wannan ke nufi. Gidan da ba dutsen niƙa ba gari, gidan da ba gari ba tuwo. Ke nan a wancan zamani dutse kayan masarufi ne kamar gishiri da kanwa. Dole akwai masu fasa shi a gindin tsauni, akwai masu sassaƙa shi, akwai masu ɗaukarsa su ratsa daji da fadama tafiyar kwana da kwanaki, akwai kuma abin da ake ba su a madadinsa. Ku da kuke kai shanu da albasa da wake kurmi, ku ɗauko goro da manja ku aika arewa, ku sani fataucin da ya raba ku da gida ba a kanku aka fara shi ba. Tun ba a san Gazargamu ba, tun ba a san ayarin raƙuma mai ratsa Sahara ba, mutanen wannan yanki suke safarar kaya mai nauyi daga inda yake zuwa inda ake bukatarsa. Wannan gado ne da ya kamata mu riƙe shaidarsa, domin an daɗe ana faɗa mana cewa tarihinmu ya fara ne daga ranar da baƙo ya zo ya rubuta shi.

Sanin tsaunin da dutse ya fito rabin aiki ne. Ɗaya rabin shi ne sanin ainihin ramin da aka fasa shi, domin a rami ne ma'aikaci yake barin sawunsa. A nan ake samun dutsen da ya yi guduma da shi, da ɓaraguzan da ya zubar, da dutsen niƙan da ya tsage kafin a gama shi aka yar. In da wuta aka fasa dutsen, kamar yadda masu fasa dutse da hannu suke yi har gobe, wato a hura wuta bisa fa har ya yi zafi ya dare, to gawayin yana nan kwance, kuma da gawayi ne masana ke auna shekarun abu. Rami guda da ba a taɓa ba yana iya faɗa mana lokacin da aka yi aikin da yadda aka yi shi. In katafila ta bi ta kansa sau ɗaya, wannan shaida ta tafi har abada.

To, yaya ake ganin ramin da ya cike ya zama gona? Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A wannan sha'ani kuwa hawan rimin shi ne dabarar. Ramin da ya cike da ƙura da ruɓaɓɓen ganye ƙasarsa ta fi ta kewayensa laushi da zurfi, saboda haka ta fi riƙe danshi. Shukar da ke bisansa takan fi tsayi, takan kuma daɗe da ɗanyen ganye bayan sauran gona ta fara bushewa. Inda kuwa akwai tarin tsakuwa ko gindin tsohuwar ganuwa a ƙarƙashi, saiwa ba ta samun wurin shiga, shuka sai ta tsumbure ta yi ja da wuri. Manomi da ke tsaye cikin gonarsa ya san cewa wurin nan dawa ta fi kyau, wurin can ba ta yi, amma ba ya ganin siffar abin. Wanda ke sama shi ke ganin da'ira a jere, ko layi miƙaƙƙe, kamar zane a jikin tabarma. Haka kuma da hantsi ko da la'asar sakaliya, lokacin da rana ta karkata, ɗan kwarin da ƙafa ba ta ji ba yakan yi inuwa a hoto. A ƙasarmu lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen damina, sa'ad da ruwa ya ɗauke, ciyawa ta fara bushewa amma ba ta gama ba.

Turawa sun daɗe da gane wannan. Bayan Yaƙin Duniya na Farko wani Baturen Ingila, O. G. S. Crawford, wanda ya yi aikin leƙen asiri daga jirgin sama a lokacin yaƙin, ya mai da dabarar ga binciken tarihi, har ya fitar da littafin hotuna a 1928. A wajen wannan lokaci ne wani limamin Kirista Bafaranshe, Antoine Poidebard, ya riƙa shawagi bisa hamadar Sham yana gano tsofaffin hanyoyi da sansanonin Rumawa, abin da ya nuna dabarar tana aiki a busasshiyar ƙasa irin tamu. A Ingila, farin da aka yi a 1976 da kuma na 2018 ya tona asirin kufai masu ɗimbin yawa a cikin gonakin alkama da sha'ir. Suna da wani wuri a lardin Norfolk mai suna Grime's Graves, inda akwai ramuka fiye da 400 da aka haƙa kimanin shekaru 4,500 da suka wuce don ciro ƙanƙarar dutse, da ƙahon barewa aka yi haƙar. Daga sama filin kamar fuskar mai zanzana yake. Yau wurin yawon buɗe ido ne, ana biyan kuɗi a shiga. Ko ƙananan ramukan dutse da aka hango a gonaki, waɗanda ba mai zuwa kallonsu, ana shigar da su cikin rajistar lardi, kuma kafin a ba mutum izinin yin babban gini sai an duba wannan rajista.

Mu ma ba kayan aiki muka rasa ba. A shekarun 1950 da 1960 an ɗauki hotunan sassa da yawa na ƙasar nan daga jirgin sama don zana taswirar safiyo. Daga 1960 zuwa 1972 taurarin leƙen asirin Amurka da ake kira Corona sun ɗauki hotuna fiye da 800,000 na duniya, aka kuma sake su ga kowa a 1995. Darajar waɗannan tsofaffin hotuna ita ce suna nuna ƙasa kafin garuruwa su faɗaɗa su cinye gonaki. Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar binciken sararin samaniya a 1999, ta harba tauraron ɗan'adam na farko a 2003, ta ƙara da NigeriaSat-2 a 2011, akwai kuma cibiyar nazarin hotunan sama a Jos. Kai, wayar da ke aljihunka ma, in ka buɗe Google Earth, za ta nuna maka gonar mahaifinka da bishiyoyin da ke cikinta. Tun 2015 Jami'ar Oxford da abokan aikinta suke amfani da irin waɗannan hotuna suna rajistar kufan ƙasashen Larabawa da Arewacin Afirka, har da inda yaƙi ya hana mutum taka ƙafa. Su kuma maƙwabtanmu na Cadi da Kamaru, tun 1969 Bafaranshe Jean-Paul Lebeuf ya buga taswirar ɗaruruwan tuddan zama na kewayen tafki.

Cewa gona shimfiɗaɗɗiya tana iya ɓoye gari guda, an riga an gani a Barno. A Zilum, arewa da Maiduguri, ayarin Jamusawan nan sun bi fili da na'urar da ke jin abin da ke ƙarƙashin ƙasa, sai ga gari mai faɗin fiye da hekta 10, kewaye da gwalalo, cike da ramuka, wanda aka zauna wajen shekara ta 500 kafin Miladiyya. Wannan a ƙafa aka yi shi, a zamanin da ake iya kwana a daji lafiya.

Nan ne maganar ta zama ta gaggawa. Tun daga 2009 fitinar Boko Haram ta rufe wa masu bincike yawancin ƙasar. Gwoza ta faɗa hannunsu a 2014, sojoji suka ƙwato ta a 2015. Sukur, wadda ke bisa duwatsun Mandara a Jihar Adamawa, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, ita ma ba su ƙyale ta ba. Ba wanda zai tura ɗalibi ya bi gindin tsauni da ƙafa inda ake tsoron nakiya. Amma ido daga sama ba ya taka nakiya. Ana iya zama a Jami'ar Maiduguri a duba gonakin gindin Mandara hoto bayan hoto, a sa alama, a ajiye, har ranar da hanya za ta buɗe.

Ta ɗaya gefen kuma, ana sake gina garuruwa, kuma haka ya kamata. Maiduguri ta cika da waɗanda rikici ya koro, ga ambaliyar da ta biyo ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumba na 2024 ta rushe gidaje masu yawa. Kowane gini yana neman yashi da tsakuwa da burji. Tifa ba ta hutawa. Kuma a lura da wani abu: inda mutumin dauri ya sami dutse mai kyau kusa da fuskar ƙasa, nan ne mai fasa dutse na yau zai fara kai katafilarsa, domin dutsen bai canja ba. Haka tudun Bama, wanda a cikinsa ne aka sami tsingaro da gawayi masu fiye da shekaru 6,000 a Konduga, shi ne kuma wurin da mai neman yashi zai fi so.

Ga inda kuka shigo, 'yan'uwa. Mai gadi a Ikoyi, da mai sayar da goro a Sabon Badun, da mai canji, da mai dako a kasuwar Mile 12, kowa burinsa ya sayi fili a gida ya kafa bulo. Wannan buri ne mai kyau, domin kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Sai dai kuɗinku ne ke sayen gonakin bakin gari a yanka su fuloti, kuɗinku ne ke cika tifa. Wanda ke biyan kuɗi kuwa yana da bakin magana.

Mun san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma ba mu raina hujjarsu ba. Wasu za su ce mutane na fama da yunwa da zaman sansani, wa ke ta rami? Amsa ita ce, aikin da muke kira a yi bai kai kuɗin kilomita ɗaya na kwalta ba: 'yan kwamfutoci ne, da hotunan da yawancinsu kyauta ne, da matasa masu digiri waɗanda ke zaune ba aiki. Wasu za su ce ba kowane tabo a hoto ne kufai ba. Gaskiya ne. Akwai kududdufin da aka ɗebi ƙasar gini, akwai ramukan 'yan hanya, akwai na lokacin shimfiɗa dogon da ya iso Maiduguri a 1964, akwai tsohon suri da makwancin shanu. Don haka hoto shaida ce ta farko kawai, sai an je an gani, gani kuwa ya kori ji. Amma gara a sa alama goma a tarar uku ne na gaske, da a rasa ukun baki ɗaya. Wasu kuma za su ce kayan jahiliyya ne. Dutsen niƙa ba gunki ba ne, kayan aikin uwa ne mai ciyar da 'ya'yanta, kuma malamanmu ba su taɓa hana duban kufan waɗanda suka gabata don ɗaukar darasi ba.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta manomi, wanda ke tsoron in ya faɗi abin da ya gani hukuma za ta ƙwace gonarsa. Wannan tsoro ba banza ba ne, talaka ya sha ganin an karɓe fili da sunan amfanin jama'a ya ƙare a hannun wani mai hali. In ba a kawar da shi ba, ba wanda zai buɗe baki. Yawancin wurare ba abin da suke bukata illa a auna, a ɗauki hoto, a rubuta, manomi ya ci gaba da nomansa. Inda kuwa ya zama dole a killace, a biya diyya a hannu kafin a kafa turke. A tuna da kwalekwalen Dufuna, a ƙasar da take Jihar Yobe yanzu: wani Bafulatani makiyayi ne ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987, bai ɓoye ba, ya kai magana gaba. Aka tono shi a 1994, aka tarar ya kai kimanin shekaru 8,000, ba a san wanda ya girme shi a Afirka ba. Da ya yi shiru, da ƙasar nan ta yi asarar abin alfaharinta.

Saboda haka muna kira, na farko, ga Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda doka ta 77 ta 1979 ta kafa, da ta haɗa kai da hukumar sararin samaniya da Jami'ar Maiduguri da ta Ahmadu Bello a Zariya, a buɗe rajistar kufai da tsofaffin ramukan dutse na Barno daga hotunan sama, a fara da gindin Mandara da tudun Bama. A tsare rajistar da kyau, kada ta zama taswirar ɓarayi, domin mun ga yadda aka wawushe kayan Nok da na Kwatarkwashi aka sayar ƙetare. Na biyu, kada a ba kowa lasin fasa dutse ko ɗibar yashi sai an duba wannan rajista, kuma wakilan jam'iyyarmu a majalisar jiha da ta tarayya su ɗauki wannan a matsayin aikinsu. Na uku, hakimai da lawanai da bulamai, waɗanda suka san kowace gona da mai ita, a sa su cikin aikin tun daga farko, a kuma girmama manomin da ya kawo labari.

Na huɗu naku ne. In za ka sayi fili a gida, ka tambayi dillali ko wurin kufai ne. In masu haƙa harsashin gininka suka ci karo da tukwane ko duwatsun niƙa ko ƙasusuwa, ka ce su dakata, ka sa a sanar da gidan tarihi na Maiduguri ko mai unguwa. Jinkirin mako guda bai taɓa rushe gini ba. Kada ka sayi kayan tono daga hannun kowa, doka ta hana. Ƙungiyoyinku na 'yan gari ɗaya, da majalisun Sarakunan Hausawa na Agege da Sabo da Shagamu, su sa wannan magana cikin abin da suke tattaunawa, su aika da ita gida tare da kuɗin taki da na makaranta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya dawo mana da zaman lafiya a Barno da sauran ƙasa baki ɗaya, ya yi wa nemanku albarka, ya mai da kowa gida lafiya.